Kwamfuta ta yi shiru: ba sai an yi mata fomatin ba

A shagunan buga takardu da ke kewayen Kwalejin Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, da zarar kwamfutar tebur ta daina fitar da sauti sai ka ji an ce, "Sai fa an yi mata fomatin." Maganar ba ta da tushe. Sau da yawa ma fomatin ɗin ne ke jawo shirun, domin idan aka goge Windows aka ɗora sabuwa, 'yar manhajar da masu gyara ke kira direba takan tafi da tsohuwar. Ita ce ke haɗa Windows da na'urar sautin da ke cikin injin, wadda galibi ta kamfanin Realtek ce. Mutum ya yi asarar takardunsa, sauti kuma bai dawo ba.

Haka zancen wai Microsoft ta toshe sautin Windows 10 tun da ta daina kula da ita ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi ma ba shi da tushe. Gyare-gyaren tsaro aka dakatar. Windows 7 da aka sallama tun Janairun 2020 har gobe tana kunna karatun malamai.

Masu cewa sabuntawar da Windows ke yi wa kanta na iya kashe sauti kuwa sun yi gaskiya. A Oktoban 2018 an tura wata direbar Intel bisa kuskure zuwa kwamfutocin da ba nata ba, suka yi tsit. Cire direbar aka yi, ba a goge komai ba.

Amma yawanci sautin bai mutu ba, hanya ya ɓata. Leƙa bayan injin: koren rami shi ne na sifika, mai ruwan hoda na makirfo, shuɗin kuma na shigo da sauti. Yaron shago ya yi shara, ya zare waya, ya mayar da ita a shuɗi, shi ke nan. Idan kuma da wayar HDMI aka haɗa allon, Windows kan karkatar da sautin zuwa gare shi, alhali allon ba lallai yana da sifika ba. Danna alamar sifika kusa da agogo, ka zaɓi ta gaskiya. Wayar VGA, mai shuɗin kai da kusoshi biyu, ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. A injunan gwanjo ma akan tarar ramukan gaba ba a jona su da ciki ba, sai na baya ke aiki.

Ƙurar hunturu na cushe rami, wuta mai ƙarfi ko janareta na ƙona adaftar sifika. Duk gaskiya ne. Iyafis ɗin wayarka zai raba gardama: idan ka jona shi a koren ramin ka ji sauti, laifin sifika ne. Ko da na'urar ciki ce ta ƙone, ba sai an sauya injin ba. Akwai 'yar na'urar sauti da ake sokawa a ramin USB, Windows kan gane ta da kanta.