Motocin Citroën masu tafiya kan ɗamarar roba da suka shigo Damagaram a 1924

Direban da ya taɓa kafewa a rairayi tsakanin Tanut da Agadas ya san wahalar: a sauke kaya, a rage iskar taya, a tona, a tura. Shekara ɗari da suka wuce wasu Faransawa sun yi zaton sun samo maganin wannan matsala, kuma sun biyo da maganin nasu ta Damagaram.

A ƙarshen 1924 wasu motoci takwas suka shigo Zinder, lokacin ita ce babban birnin Nijar ta mulkin mallaka. Gabansu tayoyi biyu ne kamar na kowace mota. Bayansu kuwa wata ɗamarar roba ce mai faɗi da ke zagaye ƙananan gargare, irin tafiyar tankar yaƙi. Kowacce tana jan tirela ɗauke da kayan tafiya.

Dabarar ta wani injiniya ce, Adolphe Kégresse, wanda ya ƙirƙiro ta don motocin Sarkin Rasha Nicholas na Biyu su iya ratsa dusar ƙanƙara. Hikimar ita ce ɗamarar tana baza nauyin mota a fili mai faɗi, don haka ba ta nutsewa yadda siririyar taya ke yi. Mai kamfanin motoci André Citroën ya ga cewa abin da ya yi aiki a ƙanƙara zai yi a rairayi.

An fara gwaji a Disamba 1922, inda motoci biyar suka tashi daga Touggourt a Aljeriya suka isa Tumbutu ranar 7 ga Janairu 1923. Daga nan aka shirya babbar tafiya, wadda aka sani da "Croisière Noire", ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Ayarin ya bar Colomb-Béchar ranar 28 ga Oktoba 1924, ya ratsa Sahara zuwa Kogin Kwara, ya bi ta Yamai da Tasawa da Zinder, ya nufi Tafkin Chadi. A Yuni 1925 tafiyar ta ƙare a Madagaska.

Damagaram da suka tarar ba baƙuwar ketare hamada ba ce. Tun zamanin Sarki Tanimu ayarin raƙuma ke tashi daga Zongo zuwa Tarabulus da fatu da gashin jimina. Sai dai Faransa ta ci garin a 1899, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin hanyar Legas. Faransa kuwa tana neman hanyar da za ta haɗa Aljeriya da yankunanta na kudu, shi kuma Citroën yana neman talla.

Motocin ba su kai yadda aka zuzuta su ba. Ba su da gudu, ɗamarar tana cinyewa a kan duwatsu, kuma sai da aka riga aka jibge mai da kayan gyara a zango-zango kafin su iso. A wurare da dama 'yan ƙasa ne suka share hanya suka yi dako, amma ba su ne suka yi suna ba. Daga baya manyan tayoyi da motoci masu ja da ƙafa huɗu suka ture wannan dabara a hamada.

Abin da ya wanzu shi ne hotuna. Léon Poirier ya ɗauki fim ɗin tafiyar, aka nuna shi a Faris a 1926, shekarar da aka mayar da babban birni Yamai. Mai zane Alexandre Iacovleff ya zana fuskokin sarakuna da talakawan da suka gamu da su. An yi aikin ne don idon Turawa, duk da haka yana cikin tsofaffin shaidun yadda ƙasar Hausa ta Nijar take a lokacin.

Yau Hilux ce ke ɗaukar matasa daga Agadas zuwa Libiya, kuma idan ta lalace nesa da rijiya, rai ake asara. 'Yan Damagaram da ke zaune a Faransa kuwa suna da abin nema a rumbunan adana tarihi na can: fuskokin kakanninsu, waɗanda jikokinsu da yawa a Birni ba su taɓa gani ba.