Bitamin Da Ƙwayoyin Ƙarin Jini: A Nisanta Su Daga Karnuka Da Ƙananan Yara

Muna jan hankalinku ga ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da ake ajiyewa a gidajenmu. Suna da amfani ga wanda aka rubuta wa su, amma karen gadi ko na farauta da ya tsince su a tsakar gida ya haɗiye yana iya mutuwa.

Mene ne haɗarin?

Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wajen awon ciki takan ƙunshi miligiram 60 na sinadarin ƙarfe. Kare yana fara cutuwa daga miligiram 20 a kowane kilo ɗaya na nauyinsa, wato ƙwaya 4 sun isa su cutar da kare mai kilo 10. Cikin awa 6 sai ya fara amai da zawo, wani lokaci da jini. Daga nan sai ya yi kamar ya warke, alhali hantarsa tana lalacewa.

Bitamin D idan ya yi yawa yana tara sinadarin kalsiyam a jini har ƙoda ta gaza. Alamarsa ita ce yawan ƙishirwa da yawan fitsari, kwana 1 zuwa 2 bayan an ci.

Wasu bitamin na taunawa, masu kama da alewa, suna ɗauke da wani sinadarin zaƙi mai suna zailitol. Yana saukar da sukarin jinin kare cikin awa 1, sai ya riƙa tangaɗi ko jijjiga.

Me ya kamata a yi?

1. A kai karen wurin likitan dabbobi nan take, ko da bai nuna alamar ciwo ba.
2. A tafi da kwalbar ko kwalin maganin, a faɗi yawan ƙwayoyin da suka ɓace da lokacin da abin ya faru.
3. Kada a ɗura masa manja, madara ko ruwan gishiri. Ba sa karya wannan guba, kuma gishiri mai yawa shi ma guba ne.

Yaya batun yara?

Inda bakin kare ya kai, hannun yaro mai rarrafe ma zai kai. Ƙwayoyin ƙarin jini suna iya kashe ƙaramin yaro idan ya sha da yawa. In haka ta faru, a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran alama ba.

Muna roƙon iyaye su ajiye kowane magani a sama, cikin akwati mai murfi, kada a bar shi a kan tabarma, ƙarƙashin matashi ko cikin leda. Muna kuma roƙon malamai su isar da wannan saƙo a majalisu da makarantu, domin yaro da dabbar gida duk amana ce a hannun mai gida.