Wa zai kula da karen idan ka tafi aikin kwana?

Jos gari ne mai yawan ma'aikatan da ba sa wuni a gida, wasu ma ba sa kwana. Akwai ma'aikatan jinya na asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, da masu aikin karɓa-karɓa a masana'antu irin su NASCO, da masu gadin manyan gidajen Rayfield, da direbobin da ke kwana a hanya. Da yawansu sukan rufe gida na awa 12 ko fiye, kuma tun bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 mutanen garin ba sa barin gida da sakakkiyar zuciya. Katanga ta ƙara tsawo, an ɗora mata waya, sai kuma tunani ya tafi kan kare. Ra'ayina shi ne, dalilin da ke sa irin wannan ma'aikaci son kare, wato rashin kowa a gida, shi ne babban dalilin da ya kamata ya hana shi ajiye shi. Kafin a tambayi farashin kwikwiyo, sai a fara sanin wanda zai zauna da shi.

Kare dabba ce ta zaman tare. Dubban shekarun da ya yi a gindin ɗan Adam sun sa kaɗaici na damunsa fiye da yadda yake damun mage. Ɗan kwikwiyo yana cin abinci sau uku zuwa huɗu a rana, kuma a watanni ukun farko na rayuwarsa ne yake koyon bambanta na gida da baƙo, da sabawa da yara da hayaniya. Abin da ya rasa a wannan lokaci da wuya ya same shi daga baya. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Ingila, RSPCA, tana ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa 4 a jere, ga shi mu muna maganar ninki uku na haka. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne, ana ganinsa a bayan gidaje da dama: kare ɗaure da gajeriyar sarƙa a jikin bishiyar mangwaro, ya zagaya har ƙafarsa ta share ƙasa ta yi da'ira, kwanon ruwa ya kife tun hantsi, kashinsa na gefen inda yake kwanciya, kaska ta cika masa kunne. Idan sanyin Disamba da Janairu ya sauko, wanda kowa ya san na Jos ba na wasa ba ne, a kan siminti tsirara yake kwana. Irin wannan kare ko dai ya zama matsoraci, ko ya zama mai cizon duk wanda ya matso, har da 'ya'yan gidan.

Wani zai ce ai karnukan ƙauye ba mai lallaɓa su, kuma ga su nan garau. Gaskiya ne ba a saya musu abincin leda, amma karen ƙauye ba shi kaɗai yake ba. Yana bin maigidansa gona, yana bin garke, yana fita farauta da rani, kuma tsakar gida ba ta rabuwa da mutane. Ma'aikacin birni kuwa zaɓi biyu ne gare shi idan zai fita, ya ɗaure ko ya saki. Idan ya saki, kare ya shiga juji da kwata, ya cuɗanya da karnukan da ba a san asalinsu ba, a nan ne maganar ta tashi daga tausayin dabba ta koma lafiyar jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan babu mai tashi. Jihar Filato ta san wannan cuta sosai. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda ke wurin tun 1924, tana yin allurar rigakafinta, can kuma ake kai kan karen da ake zargi domin gwaji. A Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke akwai babbar kasuwar karnuka da ake kawo mata kaya daga nesa, galibi ba tare da shaidar rigakafi ba. Allurar tana kusa da mutumin Jos fiye da yawancin 'yan Najeriya, amma sai wani ya ɗauki karen ya kai shi wurin likitan dabbobi yana da wata uku, ya kuma tuna da maimaitawa. Wanda ya dawo daga aikin dare idonsa na rufewa, wannan na cikin abubuwan da yake ɗagawa zuwa mako mai zuwa.

Hujjar tsaro ita ce mafi ƙarfi, kuma ba na raina ta, domin wanda aka taɓa fasa wa ɗaki ya san zafin abin. Sai dai amfanin kare a gadi haushinsa ne, haushi kuwa sai da mai ji ya tashi ya duba. A gidan da ba kowa, ɓarawo ya san ba mai fitowa, kuma guntun nama mai guba ya ishe shi. Maƙwabta ma, idan kare ya saba kwana yana kuka saboda kaɗaici, sukan daina kula shi, ranar da haushin ya zama na gaske ba mai leƙowa. Ga kuma abin da ya fi damuna. A garin da aka sha wahala kafin a maido da yarda tsakanin maƙwabta, karen da ya tsinke sarƙa ya ciji yaron wani yana iya tayar da rigimar da ta fi ƙarfin mai shi, alhali shi yana can bakin aiki bai ma sani ba. Kuɗin kwikwiyon turawa da abincinsa na shekara guda, da za a zuba su a ƙofar ƙarfe da fitilar sola da gudunmawar 'yan sintirin unguwa, sun fi tsare gida.

Musulmi sukan tsaya a kan tambayar halacci. Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malaman Malikiyya sun tattauna na gadin gida. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, shi kansa ya ajiye kare domin tsaron gidansa da buƙata ta kama. To amma izinin ajiyewa bai ɗauke haƙƙin abin da aka ajiye ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, ya fi kusa da halin karen da aka ɗaure tun asuba. Littafin Karin Magana na Baibul ma ya siffanta adali da kula da ran dabbarsa, don haka Kirista da Musulmin Jos ba su da saɓani a nan.

Ba ina cewa mai dogon aiki ba zai taɓa ajiye kare ba. Zai iya, idan akwai babban mutum na biyu a gidan da ya yarda da bakinsa cewa ya ɗauki nauyin, ko mata, ko ƙane, ko abokin haya da lokacin aikinsu ya saɓa. Cewa yara za su kula ba amsa ba ce, domin suna makaranta, kuma su ne aka fi ciza. Mai gadi ma yau yana nan, gobe ya bar aiki. Idan an samu wannan mutum, babban kare mai sanyin hali da aka san tarihin rigakafinsa ya fi kwikwiyo sauƙi, karen gida kuma ya fi na turawa jure cuta da abincinmu. Sai a tambayi mai gidan haya, a kuma yi lissafin cewa kare na iya kai shekara 10 zuwa 13, tsawon da a cikinsa za a iya yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki zuwa Shendam ko Abuja, inda sabon masauki ba lallai ya karɓi kare ba.