Suna Linzami: Gardamar Sabon Suna A Cocin Ingila

Hausawa kan ce suna linzami ne, wato da shi ake juya mutum, da shi kuma yake amsa kira. A addinin Kirista ma suna ba ƙaramin abu ba ne. Littafi Mai Tsarki ya nuna yadda Abram ya koma Ibrahim, Yakubu ya zama Isra'ila, Siman kuma Yesu Almasihu ya raɗa masa Bitrus. Ko a ƙasarmu, yaron nan Ajayi da aka kuɓutar daga jirgin bayi a 1822, sai da ya karɓi sunan Samuel Crowther ranar da aka yi masa baftisma a Saliyo cikin 1825, kafin ya zama bishop baƙar fata na farko a ɗarikar Angilika a 1864.

To, amma idan mutum ne da kansa ya zaɓi sabon suna saboda ya sauya jinsi, daga namiji zuwa mace ko daga mace zuwa namiji, da wanne ikkilisiya za ta kira shi? Wannan ita ce tambayar da ta raba kan shugabannin Cocin Ingila.

A watan Yuli na 2017 babbar majalisar cocin ta zauna a birnin York, inda wani limami mai suna Chris Newlands ya gabatar da batu a madadin yankin Blackburn, cewa a marabci masu sauya jinsi a majami'unsu, bishop-bishop kuma su duba ko za a tsara musu addu'a ta musamman. Wakilai 284 suka goyi baya, 78 suka ƙi.

Bishop-bishop ba su rubuta sabuwar addu'a ba. Dalili kuwa, a koyarwar cocin baftisma sau ɗaya tak ake yin ta, ba a maimaitawa. Maimakon haka, a watan Disamba na 2018 suka ba da shawarar a yi amfani da wata hidima da take akwai tun da can, ta sabunta alkawarin baftisma. A cikinta limami zai kira mutumin da sunan da ya zaɓa a gaban jama'a, ana iya yayyafa masa ruwa ko a shafa masa mai, a kuma ba shi Littafi Mai Tsarki da sabon sunan a rubuce.

Ba a daɗe ba sai ga wasiƙa ta fito a farkon 2019, ɗauke da sa hannun limamai da mabiya fiye da 2,000, suna neman a janye shawarar ko a sake nazarinta. Hujjarsu ita ce Allah ya halicci mutum namiji da mace, kuma a labaran Ibrahim da Bitrus Ubangiji ne ya sauya sunan, ba mai sunan ba. Masu goyon baya kuwa suka ce ai makiyayi nagari yakan kira tumakinsa da sunayensu, kuma wanda aka ƙi kira da sunan da yake amsawa a gida da wurin aiki, da wuya ya sake taka ƙofar coci.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa sauya jinsi daban, neman jinsi ɗaya daban, ko da yake gardamar biyun tafiya take tare. A taron Lambeth na 1998 bishop-bishop na duniya suka zartar cewa saduwar jinsi ɗaya ta saɓa wa Nassi, amma a cikin ƙudurin nan dai suka yi alkawarin sauraron irin waɗannan mutane, suka kuma tabbatar musu da ƙaunar Allah. Da cocin Amurka ya naɗa Gene Robinson bishop a 2003, alhali yana zaune da namiji ɗan'uwansa, sai ɓaraka ta fito fili. Babban Bishop Peter Akinola na Nijeriya yana cikin jagororin taron GAFCON da aka yi a Urushalima a 2008 don nuna rashin amincewa. Haka kuma da majalisar Cocin Ingila ta yarda a sa wa ma'auratan jinsi ɗaya albarka a Fabrairun 2023, taron GAFCON na Kigali ya yi watsi da jagorancin Canterbury bayan wata biyu.

Ɗarikar Katolika ma ta taɓo maganar. A Nuwamban 2023 fadar Paparoma ta bayyana cewa ana iya yi wa mai sauya jinsi baftisma, muddin hakan ba zai jawo ruɗani a tsakanin masu bi ba.

Manyan malamai dai suna ta kai da kawowa a zaurukan taro, amma nauyin yana kan limamin ƙaramar majami'a. Shi ne yake tsaye bakin ƙofa ranar Lahadi yana gaisawa da jama'a, shi ne kuma zai buɗe baki ya kira baƙon da ɗaya daga cikin sunayen nan biyu.