Gyaran Kurakurai a Tsohon Memori

1.0 Gabatarwa

A garuruwan Dutsin-Ma da Kurfi akwai matasan da sana'arsu ita ce tura wa jama'a karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi a memorin waya. Haka kuma, ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, sukan adana kundayen bincikensu a filash. Da yawa sun ɗauka cewa abin da ya shiga memori ya zauna ke nan, alhali kuwa memori yana tsufa. Wannan babi zai bayyana yadda na'ura ke gano kurakuran tsohon memori ta gyara su, da kuma alaƙar wannan aiki da nazarin harshe.

2.0 Yadda Memori ke Tsufa

Fujio Masuoka, injiniyan kamfanin Toshiba na ƙasar Japan, shi ya ƙirƙiro wannan ma'adana a shekarun 1980, aka kuma gabatar da nau'in NAND, wanda ke cikin memori da filash, a 1987. Cikinsa akwai biliyoyin ƙananan gurabe masu riƙe cajin lantarki, kamar yadda tulu ke riƙe ruwa. Da farko matakai biyu kawai ake bambantawa a kowane gurbi, wato 0 da 1. Domin rage tsada, sai aka koma raba gurbi zuwa matakai 4 ko 8 ko 16, don haka tazarar da ke tsakanin mataki da mataki ta ƙanƙance.

Abubuwa biyu ke tsofar da gurbi. Na farko, kowane gogewa da sake rubutu yana cin bangon da ke tare cajin. Gurbi mai matakai biyu yakan jure wannan kimanin sau 100,000, amma mai matakai 8 ba ya wuce 'yan dubbai. Na biyu, cajin yana yoyo sannu a hankali, zafi irin na bazara kuma yana hanzarta yoyon. Idan caji ya sauka zuwa matakin maƙwabcinsa, sai a karanto abin da ba shi aka rubuta ba.

3.0 Misali daga Harshen Hausa

Ɗalibin Hausa ya saba da irin wannan gyara. A dubi jimlar "Yarinya _a tafi makaranta". Ko da harafi ya goge, mai karatu ya san "ta" ce, domin jinsin suna ya riga ya ƙayyade wakilinsa. Har ila yau, rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, amma babu mai rikita "gari" a "ya shiga gari" da wanda ke cikin "ta tankaɗe gari". Wato harshe yana ɗauke da ƙarin bayani fiye da buƙata, wannan ƙari kuwa shi ke cike giɓi.

4.0 Lambobin Tantancewa

Injiniyoyi ma ƙari suke yi da gangan. Alal misali, a jerin 1, 0, 1, 1 akwai ɗaya guda uku, sai a ƙara wata 1 domin adadinsu ya rabu biyu daidai. Idan aka zo karatu aka tarar bai rabu ba, an san an sami kuskure. A 1950 Richard Hamming ya nuna cewa lambobin tantancewa 3 sun isa su gano kuskure ɗaya, su kuma gyara shi, a jeri mai lambobi 7. Tsarin BCH na 1959 da 1960 yana gyara kurakurai da dama a jeri guda, an kuma daɗe ana amfani da shi a memori. Da kurakurai suka yawaita, sai masana'antu suka karkata ga tsarin LDPC, wanda Robert Gallager ya samar a kundin digirinsa na uku a 1960. A nan kowace lamba tana cikin rukunan tantancewa da yawa, saboda haka lambar da ta bayyana a mafi yawan rukunan da suka gaza ita ake tuhuma.

5.0 Hanyoyin Inganta Gyaran

Hanya ta farko ita ce gusar da ma'auni. Tun da cajin tsohon gurbi ya ragu, sai na'ura ta sassauta iyakar da ke tsakanin matakai ta sake karantawa. Ta biyu ita ce auna shakka. Maimakon yanke hukunci nan take, ana karanta gurbi sau da yawa da ma'aunai mabambanta, a bayyana ƙarfin tabbacin kowace lamba. Haka manazarcin tsohon rubutun ajami ke yi idan tawada ta dushe: yakan dogara da haruffan da suka fito sosai wajen gane masu shakka. Ta uku ita ce la'akari da tsufa, wato na'ura ta lura da yawan gogewar da aka yi da daɗewar ajiya, ta daidaita lissafinta. Sai dai maimaita karatu yana cin lokaci, shi ya sa ba a komawa gare shi sai karatun farko ya gaza.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, tsohon memori yana ci gaba da aiki ne saboda na'ura tana gyara kurakuransa a ɓoye. Amma kowane tsari yana da iyaka. Idan kurakurai suka zarce ƙarfinsa, fayil yakan ƙi buɗewa, sau da yawa ba tare da gargaɗi ba. Saboda haka, wajibi ne ɗalibin da ya naɗo hirar dattawa ko waƙoƙin baka a Kurfi ya kwafe su a wurare biyu ko uku, ya nisanta su daga rana, ya kuma riƙa mayar da su sabon memori bayan 'yan shekaru.