Akwatin Da Makaɗin Gita Yake Takawa

Duk wanda ya lura da masu kaɗa gitar lantarki, ko a majami'a ko a wurin biki, ya ga wani ɗan akwati a ƙasa gaban makaɗin. In ya taka shi, sai muryar gitar ta sāke nan da nan. Hannuwansa biyu suna kan gita, shi ya sa aka bar wa ƙafa wannan aiki. Samari da yawa sukan so su haɗa nasu a gida, gama na kanti da tsada. A ganinmu iyaye su bar su su yi, aikin hannu ne mai amfani. Amma akwai wuri guda inda rai yake cikin hatsari, za mu kuwa zo kansa.

Akwatin ba ya ƙara murya, hanya kaɗai yake zaɓa mata. Yana da ramuka huɗu na sa waya: inda muryar gita take shiga, inda take fita zuwa amfilifaya, sa'an nan biyu na zagaye, wato na aikawa da na komowa. A kan zagayen nan ne ake jera na'urorin da suke yi wa murya ado, kamar mai sa amsa-kuwwa. Taku ɗaya, murya ta bi ta cikinsu. Taku na biyu, ta wuce su ta miƙe.

Maɓallin da aka fi sa masa yana da ƙafafu 9, layi uku a tsaye, kowane layi da ƙafar sama, da ta tsakiya, da ta ƙasa. A layin farko, wayar shiga tana zuwa tsakiya, ta aikawa tana sama. A layi na biyu, wayar fita tana tsakiya, ta komowa tana sama. Ƙafafun ƙasa na layukan nan biyu sai a gama su da guntuwar waya, ita ce miƙaƙƙiyar hanyar. Layi na uku na 'yar fitila ne mai nuna an buɗe zagaye, tana cin batir mai bolt 9, amma sai an sa mata rizista, in ba haka ba ta ƙone. Kafin a narka dalma, a gwada ƙafafun da mita, domin maɓallin da aka juya a kaikaice yakan ruɗa ko gwani. Akwatin kuwa ya zama na ƙarfe, a haɗa jikinsa da wayar ƙasa ta ramukan duka. Na katako ya fi kyaun gani, amma ba ya tare ƙugi.

Har nan babu abin tsoro, batir ne kurum. Matsala takan zo sa'ad da aka ƙara maɓalli na biyu domin zaɓa tsakanin amfilifaya biyu. Kowace tana da tata wayar ƙasa ta soket, ga shi kuma akwatin ya gama su, sai a ji wani ƙugi mai kauri daga lasifika. A nan ne wani yakan ba da shawara a karya ƙafa ta uku ta fulogin ɗaya daga cikinsu. Ƙugin yakan yi shiru, gaskiya ne. Amma ƙafar nan ita ce take kwashe wuta zuwa ƙasa in wata waya ta kwance a cikin amfilifaya. In babu ita, wutar za ta iya bin wayar gita har zuwa tsirkiyar ƙarfe da take hannun yaron. Wutar gidajenmu kuwa bolt 230 ce.

Ba tatsuniya ba ce. A 1972 wani makaɗin gita mai suna Les Harvey ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na ƙasar Birtaniya, sa'ad da ya taɓa makirufo wanda ba shi da wayar ƙasa. A 1976 wuta ta kashe Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, yana kaɗa gita a cikin gidansa. Dukansu biyu sun daɗe a sana'ar.

Maganin ƙugin shi ne a sa ƙaramar taransifoma ta murya a hanyar amfilifaya ta biyu, ramin nan kuma a raba shi da jikin akwati. Murya za ta ƙetare, ƙugin ba zai sami hanya ba, fulogi kuma yana nan da ƙafafunsa uku. Kafin a samo taransifomar, a sa amfilifaya biyun a soket ɗaya, sau da yawa wannan yakan rage ƙugin.

In yaro ya ce zai buɗe amfilifayar kanta, lalle a hana shi, tun ba mai kwalabe ba. Irin wannan takan riƙe wuta ta ɗaruruwan bolt a cikinta ko bayan an zare fulogi. A kai ta wurin mai gyaran rediyo wanda ya san yadda ake sauke wutar kafin a sa hannu.