Hirar Masu Keke a Gindin Mangwaro

 Yau ba zancen girki ko ɗinki na kawo muku ba. Labari ne na wani abu da mu ke yi kowace Asabar a nan Zariya, ni da waɗansu mata shida, wanda waɗansu ke yi mana dariya a kansa, waɗansu kuwa suna sha'awa amma kunya ta hana su tambaya. Watau yawon keke, ko basukur, kamar yadda kakanninmu ke kiransa.

Ga yadda mu ke yi. Da gari ya waye, kafin ƙarfe bakwai, mu kan taru a ƙofar gidan babbarmu a Samaru. Cikinmu akwai malaman makaranta uku har da ni, da ungozoma ɗaya, da uwargida mai 'ya'ya huɗu, da 'yan makaranta biyu. Ba tsere mu ke yi ba, ba kuwa mai wuce 'yar'uwarta ta bar ta a baya. Mu kan bar babbar hanyar mota mu bi ta gonaki, wani sati wajen Bomo, wani sati wajen Shika, ran da mu ka ji ƙarfi kuwa mu nufi dutsen Kufena. Kafin rana ta yi zafi mun komo. Sa'an nan mu zauna gindin mangwaro, a kawo kunu da ƙosai, kowace ta faɗi abin da ta gani a hanya.

Wannan hira ita ce rabin daɗin tafiyar. Abin mamaki, mu bakwai hanya ɗaya mu ka bi, amma sai ki ji labari bakwai. Don haka mu ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kowane sati wadda layi ya zo kanta ta rubuta labarin tafiyar, a karanta wa saura. Da yardarsu na ɗebo muku uku daga ciki.

Na farko na uwargida ne. Ta ce shekararta goma sha biyu da aure a Samaru, amma ba ta taɓa ganin Kufena ba sai daga nesa, ta tagar mota. Daga ɗaki sai madafa, daga madafa sai bakin famfo. Da ta je asibiti a ka auna ta, likita ya ce jininta ya soma hawa, lalle ta riƙa motsa jiki. Ta gaya wa maigidanta tana so ta bi mu. Da fari ya ƙi, ya ce me mutane za su ce? Ba ta yi masa gardama ba, sai ta ba shi takardar likita, ta ƙyale shi ya yi tunani. Bayan sati biyu sai ga shi da keken mata na hannu. Ran fitarta ta farko ma shi ya biyo mu a baya kan babur, yana tafe a hankali kamar mai rakiyar amarya. Ran nan ko mil ɗaya ba ta yi ba ta sauka tana haki. Amma ga abin da ta rubuta bayan wata uku: "Yau na taɓa dutsen Kufena da hannuna. Malama ta nuna mini kufan tsohuwar ganuwa, ta ce nan mutanen Zazzau su ka zauna kafin birnin yanzu. Ashe ina kwana kusa da tarihi ban sani ba. Na komo gida na yi tuwo, ban ji ciwon baya ba."

Na biyu na 'yar makaranta ne, mai shekara goma sha huɗu. Gidansu da makaranta kusan mil huɗu ne. A ƙasa tafiyar ta fi awa guda, kullum tana makara, kullum ana ba ta horo. Kuɗin mota kuwa ya fi ƙarfin ubanta, har ya soma cewa ko ta zauna gida hakanan. Da keken yayarta ta koya a wurinmu ran Asabar. Da ta ƙware, mu ka je mu biyu mu ka gaida mahaifin, mu ka ce, "Baba, ga shawara, in ka yarda." Ya saurara, ya ce a gwada na wata ɗaya. Yanzu cikin rabin awa ta ke isa makaranta, zancen zama gida kuwa ya mutu. A littafinmu ba ta ambaci wannan duka ba. Ita abin da ya dame ta belbelu ne da ke bin shanu a fadama, da masu dafa ruwan rake suna yin mazarƙwaila, da yadda hazo ke rufe kan giginya da sassafe. Ni ce malamarta ta Hausa, na kuwa shaida insha'inta ya sāke. Wanda ya ga abu da idonsa ba ya rasa abin rubutawa.

Na uku nawa ne, ba kuwa na alfahari ba ne. Wata Asabar na ce su wuce zan cim musu, na tsaya sayen tumatir a bakin lambu. Ina ta sauri sai ƙaya ta soki tayar baya, na shiga rairayi, keke ya yi gabas na yi yamma, tumatir ya watse. Ga waɗansu matan Fulani tafe da ƙoren nono. Babbarsu ta dube ni ta ce, "Yarinya, dokin naki ya gaji ne?" Su ka taya ni tsince tumatir suna dariya. Ba ni da famfo, ba ni da kayan faci, sai da na tura keke wajen mil biyu kafin na sami mai faci. Na zauna na zuba masa ido: ya fid da tiyub, ya ba shi iska, ya tsoma cikin ruwa har ya ga inda kumfa ke fita, ya goge wurin, ya shafa gam, ya jira ya sha iska kaɗan, sa'an nan ya manna faci. Kafin ya mai da tiyub ya shafa cikin taya da yatsa ya zare ƙayar. Tun ran nan ni ke yi wa ƙungiyarmu faci. Faɗuwar da ta koya miki sana'a ai ba hasara ba ce.

Kada ku zaci mu mu ka fara wannan. A Ingila tun shekarar 1878 masu keke su ka kafa ƙungiya ta yawon buɗe ido, suna buga labarun tafiye-tafiyensu a mujallarsu. Keken lokacin nan kuwa ƙafar gaba ƙatuwa ce, ta baya 'yar ƙarama, wanda ya faɗo daga kai ya ji jiki. A 1885 wani Bature mai suna John Kemp Starley ya fito da irin wanda mu ka sani yau, mai ƙafafu kusan daidai da sarƙa mai juya ta baya. A 1887 kuma John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a Belfast, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. Daga nan hawan keke ya yi sauƙi, mata su ka shiga. Su ma ba su tsira daga baki ba. An ce zai ɓata musu fuska, an ce zai lalata musu lafiya. A 1894 wata matar aure mai 'ya'ya uku, da a ke kira Annie Londonderry, ta tashi daga Boston ta Amurka da kekenta ta kewaya duniya, ta gama a 1895. Gaskiya ne ta shiga jirgin ruwa da na ƙasa a wurare da yawa, amma ta komo gida, fuskarta kuwa ba abin da ya same ta.

A zamaninmu ma akwai abin koyi. A Bogota, babban birnin Kolombiya, tun 1974 a ka soma hana motoci bin waɗansu manyan tituna don masu keke. Yanzu kowace Lahadi daga ƙarfe bakwai na safe zuwa biyu na rana a kan rufe hanyoyi masu tsawon fiye da kilomita 120, watau wajen mil 75, uwa da uba da yara su fito su yi ta yawo ba tsoron mota. A jihar Bihar ta Indiya kuwa, a 2006 gwamnati ta soma ba kowace yarinya da ta shiga aji tara kuɗin sayen keke, rufi 2,000. Masana da su ka bi sawun abin sun tarar yawan 'yan matan da ke shiga sakandare a kan lokaci ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, musamman a ƙauyukan da ke nesa da makaranta. Ba sai mun je nesa ba ma. Duk wadda ta je Wagadugu ta ga mata bisa keke, ga goyo a baya, ga kayan miya a kariya, ba mai ko waiwayarsu. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a 2018 ta keɓe ran 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya.

Na san abin da waɗansu iyaye ke tsoro, gara mu faɗe shi a fili. Ana cewa keke yana ɓata yarinya, ko ya hana ta haihuwa. Ungozomarmu, wadda ta karɓi haihuwa ba iyaka, ta ce in gaya muku wannan camfi ne. Abin da ke cutar mace shi ne zama wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a sati, yaro kuwa awa guda kowace rana. Na sani aikin gida ba wasa ba ne, amma yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutse, famfo ya karɓi na guga, da yawanmu a birni ba ma yin zufa kamar iyayenmu. Mai juna biyu, da mai ciwon zuciya, su dai su nemi shawarar likita tukuna.

Tsoro na biyu shi ne na mutunci, shi kuwa yana hannunmu. Mu kan sa dogon wando a ciki, da riga mai kai gwiwa ko fiye, da hijabi ko mayafi wanda bai wuce ƙugu ba. Ba wadda ke fita sai da sanin maigidanta ko iyayenta, sun san hanyar da za mu bi da lokacin komowarmu. In mun iske manya a hanya mu kan rage gudu mu gaishe su. Yanzu har akwai wani tsoho a bakin fadama da kan ajiye mana rake.

Tsoro na uku shi ne na mota, wannan kuwa gaskiya ne, kada kowa ya raina shi. Ga abin da mu ka koya, ga mai son farawa.

Na ɗaya, nemi keken mata, wanda ba shi da sanda a tsakiya. Daidaita sirdi yadda in feda ta sauka ƙasa ƙafarki za ta kusa miƙewa, in ba haka ba gwiwa za ta yi ciwo.

Na biyu, koya a fili, kamar filin makaranta da maraice, wata na riƙe miki kariya. Dubi gabanki, kada ki dubi ƙafarki.

Na uku, kafin ki fita matsa birki biyun ki ga suna kamawa, danna taya ki ji iska, ɗiga wa sarƙa mai. In za ki tsaya kada ki damƙe birkin gaba shi kaɗai, sai ya kife da ke.

Na huɗu, kula da zane da dogon mayafi. In bakinsa ya shiga sarƙa ko ƙafar baya, faɗuwa ce ba makawa.

Na biyar, sa hular kwano bisa ɗankwali. Bi hannun dama, miƙa hannu kafin ki juya, ki guji babbar hanya iyakar iyawarki. Kada ki kai magariba a waje.

Na shida, kada ki tafi ke kaɗai, kada kuma ku shiga daji mai nisa. Ku tambayi labarin hanya kafin ku bi ta. Riƙe ruwan sha, da famfo, da kayan faci, da waya, da 'yan kuɗi kaɗan. Ni na gaya miki, don na ɗanɗana.

To, 'yan'uwa, kun ji. Ba na ce kowace mace sai ta hau keke ba. Amma ke uwa, in nisan makaranta ne ke neman raba 'yarki da karatu, ga tsohon keke can jingine a zaure yana tsatsa, ki yi wa maigida magana da lalama a kai shi wurin mai gyara. Ke kuma 'yar makaranta, in an ba ki wannan amana ki riƙe ta, daga gida sai makaranta, don ƙannenki na baya su ma a yarda musu. In kun sami 'yan'uwa biyu ko uku kun fita ran Asabar, ku sayi littafi ku rubuta abin da ku ka gani, ku aiko wa wannan fili mu karanta. Littafinmu saura shafi huɗu ya cika, satin nan kuwa layin uwargida ne, ta ce Shika za mu.

Allah ya kiyaye hanya. Sai wani sati.